Yadda za a tattara tarihin kakar da ta yi wa unguwa hidima

A kowace unguwa ta Maradi, daga Bagalam har Zariya, akwai tsohuwar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta tashi, ko wadda ke riƙe da akwatin asusun mata, ko mai wankan gawa ba ta karɓar ko dala. In ta rasu, abin da za ka ji a zaman makoki bai wuce "Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce" ba. Gaskiya ne, amma jikan da aka haifa bana ba zai san ta da wannan ba. Aikinta yana bakin ƙawayenta, su ma kuwa shekaru sun ja.

Kafin a yi zancen tarihi, a fara sauke amanar da ke wuyanta. In tana riƙe da kuɗin adashi ko na ƙungiya, a kira shugabannin ƙungiyar su ƙirga a gaban shaidu biyu, a rubuta, a mayar musu tun ba a zo rabon gado ba. Ƙungiyoyi da yawa a ka suke riƙe lissafinsu, don haka in aka jinkirta sai kuɗin jama'a ya cakuɗe da na magada, rigima ta ɓata sunan baiwar Allah.

Kwanaki ukun farko ba na tambaya ba ne. Abin yi kawai a sa jika ɗaya da littafi ta riƙa rubuta sunayen matan da suka zo gaisuwa waɗanda dangi ba su sani ba, da unguwarsu. Su ne shaidun aikinta. Bayan sadakar bakwai sai a fara bin su gida-gida, a yi ƙoƙari a gama kafin arba'in, lokacin da baƙi na nesa ke sake haɗuwa. Mutum shida zuwa takwas sun isa: ƙawa ta ƙuruciya, kishiya ko maƙwabciya, mata biyu daga ƙungiyarta, wani da ta raina ba ita ta haife shi ba, da ma'aikacin likita ko mai unguwa da suka yi aiki tare.

Jika mace ta fi dacewa da tambayar. Tsofaffi na jin nauyin 'ya'yan marigayiya, ballantana surukai, amma wasan da ke tsakanin kaka da jika yana sakin baki. A je da goro, a gaisa a tsanake, a nemi izini kafin a kunna waya. A zauna da mutum ɗaya ɗaya, don in aka tara su, mai ƙarfin murya ce za ta cinye hirar sauran su bi ta da "haka ne". Kada kuma a ce "ku ba mu tarihinta", amsar addu'a ce za a samu. A tambayi ƙaramin abu: "Inna, ranar da kuka fara zubi, a gidan wa kuka zauna, nawa kowa ta zuba?" Ko: "Iya, in an tashe ta da dare, me take ɗauka a hannu?" Daga nan za a ji labarin fitilar ƙwai da reza sabuwa da zanen da take ajewa a gefen gado. In tsohuwa ta ƙi faɗin sunan miji ko na ɗan fari, kunya ce, a bar ta, a tambayi wani daga baya.

Wajen ɗaukar murya, a sa waya a yanayin jirgin sama, in ba haka ba kira ɗaya zai yanke ɗaukar. A aza ta kan matashi, kamu ɗaya daga bakin mai magana, cikin ɗaki, nesa da turmi da injin niƙa. Minti 30 zuwa 40 ya wadatar, tsoho na gajiya, gara a koma sau biyu. A farkon kowace ɗauka a faɗi ranar da sunan mai magana.

Shekaru su ne wurin da aka fi yin kuskure. Takardun tsofaffi da yawa "wajajen shekara kaza" suka ce, kuma ba mai ba ka lamba da baki. A auna da abin da gari ya sani. Ambaliyar Gulbi da ta ci tsohon gari har aka hauro tudu, 1945 ce. 'Yancin kai, 1960. Babban fari da hawan Seyni Kunce, 1973 zuwa 1974. Yunwar da ake kira El Buhari, 1984. Karyewar darajar sefa, 1994. Ƙarancin abincin da ya cika cibiyoyin tamowa da yara, 2005. In an ce tana cikin matan farko na Mata Masu Dubara, tsarin asusun zubi da rance na mata, to ba zai gabaci 1991 ba, shekarar da ƙungiyar CARE ta soma tsarin a jihar Maradi. In baki biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.

Akwai abin da ba a rubutawa. Ungozoma da mai sasanta aure sun san asirin gidaje, ta kuwa tafi da shi kabari da gangan. In ya suɓuce a hira, a goge wurin. Wanda ta biya wa bashi ko ta ciyar a ɓoye, a ambaci aikin ban da sunansa.

Hotuna da katin ƙungiya da takardun horo, a ɗauke su da waya a inuwa ba tare da walƙiya ba. Kada a kai tsohon hoto a manne shi da leda mai zafi, ba ya ɓaruwa kuma. A sa su a ambulan cikin akwatin ƙarfe, sama da ƙasa saboda gara da danshin damina. In za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda, don tura hoto kai tsaye na rage kyansa.

Daga ƙarshe a rubuta shafi uku ko huɗu da Hausa, da sunanta na yanka da laƙabin da unguwa ta san ta da shi, a karanta wa dattawan gida su gyara kafin a buga. A ajiye muryoyin wuri uku: katin waya, kwamfuta, da hannun wani ɗan uwa da ke wani gari. Kwafi ɗaya na rubutun a miƙa wa ƙungiyarta, a karanta musu a ranar zubi.