Yadda za ka kalli ramuwar gayyar gidan Vashon a Hawaii Five-O

Da farko ka tabbatar tsohon shirin ka samo, don Hawaii Five-O biyu ne. Akwai wanda aka sake yi a 2010, akwai kuma na asali da tashar CBS ta Amurka ta haska daga 1968 zuwa 1980, inda Jack Lord ya fito a matsayin Steve McGarrett, shugaban wata rundunar 'yan sanda ta musamman a Honolulu. Na asalin nake nufi. Ka je zango na 5, ka nemo kashi uku masu suna "V for Vashon", labarin wani gidan masu aikata laifi mai suna Vashon, waɗanda aka nuna a watan Nuwamban 1972: na ɗa, na uba, sai na kaka.

Ka ware musu yamma guda, tunda kowanne bai kai awa ɗaya ba, kuma ka bi su a jere. Wanda ya fara da na uku zai ga tsoho yana ƙulla makirci, amma ba zai san abin da ke cin zuciyarsa ba.

A kashi na farko ka zuba ido a kan Chris Vashon. Yaro ne da aka haifa cikin dukiyar haram, ba abin da ya rasa, amma yana fashi a otal-otal don ya nuna shi ma ya isa. Ka lura da yadda mahaifinsa, Honore, ke ta ƙoƙarin rufa masa asiri da kuɗi da lauyoyi. Mutuwar yaron, wadda gidan ya ɗora wa McGarrett alhakinta, ita ce ta kunna wutar.

Kashi na biyu na Harold Gould ne, wanda ya fito a Honore. Uba ne da baƙin ciki ya rufe wa ido, ya yi hayar maharbi don a kashe McGarrett, abin ya ƙare masa a gidan yari. A nan kada ka damu da harbe-harben. Ka duba fuskarsa duk lokacin da aka ambaci ɗansa.

Na ukun nan ne nake so ka ajiye waya, ka ƙara sauti. Dominick, kakan gidan, wanda Luther Adler ya taka, ya fahimci cewa harsashi ba zai biya masa buƙata ba. Mutuncin McGarrett yake so ya zubar. Sai ya shirya tarko har aka gurfanar da ɗan sandan gaban kotu da tuhumar kisa, mutumin da ya saba kai wasu gaban alƙali. Ka saurari maganar tsohon da kyau, ba ya ɗaga murya, kowace kalma a aune take. Ka kuma riƙe abin da shaidu suka faɗa a kotu, don daga bakin ɗaya daga cikinsu ƙullin zai warware. A ganina wannan kashin ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, domin ana nuna maka yadda ƙiyayya ke cinye gida tun daga jika har kaka, kuma sai ka ji tausayin tsohon duk da ka san mugu ne.

Tafiyar shirin a hankali take, irin ta fina-finan wancan zamani, ka yi haƙuri da ita. Idan Turancinsu ya yi maka sauri, ka kunna rubutun ƙasan allo.

In ka gama, ka bar kwana biyu, sannan ka nemi "The Case Against McGarrett" a zango na 8, na 1975, inda Honore ya sake bayyana, yana cikin kurkuku, yana neman ya yi wa McGarrett shari'a da kansa.