Yadda Za Ka Kafa Majalisar Ɗalibai Mai Raya Bishiyoyin Makarantar Firamare

A makarantunmu dasa bishiya ba ya wuya. Ranar 5 ga watan Yuni, ranar muhalli ta duniya, akan kawo dashe, manyan baƙi su durƙusa su zuba ƙasa, a ɗauki hoto a watse. Wanda ya dawo a watan Afrilu na shekara mai zuwa, lokacin da bazara ke ƙuna, ramuka kawai zai tarar. Dalili kuwa bishiyar ba ta da mai ita. Hedimasta yana fama da ofis, malami yana fama da ajinsa, maigadi kuma ba wanda ya ce masa aikinsa ne. A shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, abin da na ga yana tsayar da bishiya da ƙafarta shi ne a damƙa ta a hannun yara, ta hanyar majalisar da su da kansu suka zaɓa, wadda kuma maganarta ke aiki.

Kada ka haɗa wannan majalisa da monitoci. Monita malami ke naɗa shi, kuma yara sun san shi da rubuta sunayen masu surutu. Wakilin majalisa kuwa 'yan ajinsu ne suka tura shi, su zai koma ya yi wa bayani.

Kafin ka ce wa yara komai, ka zauna da hedimasta ka nemi abu biyu a fili: wurin da aka yarda yara su yi dashe, da alkawarin cewa za a saurari abin da majalisar ta yanke, a ba ta amsa ko da a'a ce. Sannan ka sanar da kwamitin iyaye da ke kula da makaranta, ka gai da mai unguwa, ka kuma yi magana da maigadi. Shi ne ke nan bayan an tashi, shi ya san ta inda awakin unguwa ke shigowa.

Zaɓe kuma daga aji uku zuwa aji shida, kowane aji ya ba da mutum biyu, namiji da mace. 'Yan aji ɗaya da biyu a bar su su riƙa bin yayyensu suna kallo tukuna. Kada a yi zaɓe da ɗaga hannu, domin yaro kan duba inda ƙaton ajin ya ɗaga sai ya bi. Ka jera gwangwanaye a bayan allo ko a wani lungu, kowane ɗan takara da nasa, ka ba kowane yaro tsakuwa ɗaya ya shiga shi kaɗai ya jefa, a ƙirga a gaban kowa. Shawarata ita ce shugaba ya fito daga aji biyar. Ɗan aji shida hankalinsa na kan jarrabawar shiga sakandare, kuma zai bar makarantar daidai lokacin da dashen ya fi bukatarsa.

Zama sau ɗaya a mako ya isa, idan an tashi tara, kada ya wuce minti ashirin. A yi shi da Hausa, domin yaron da aka tilasta wa Turanci zai yi shiru ne, kuma shirunsa ba yarda ba ce. Magatakarda ya riƙe littafi guda yana rubuta abin da aka yanke da sunan wanda zai yi. Kai malam, ko ke malama, wurinku bencin baya ne. Wannan shi ne mafi wuya a duk aikin, domin bakinmu ya saba da ba da umarni. Idan suka kawo shawarar da ka san ba za ta yiwu ba, yi musu tambaya: ina za mu samo ruwan, wa zai ɗauko? Su da kansu za su gyara.

Aikin farko shi ne zagaye. Su bi makarantar kusurwa-kusurwa da littafinsu: ina bola take, ina ruwa ke kwanciya da damina, wane aji ne rana ke dukan tagarsa da tsakar rana, ina yara ke fakewa idan an tashi tara. Za su dawo da matsaloli masu yawa. Su zaɓi biyu kawai. Kusan ko'ina abin da ke fitowa shi ne leda da rashin inuwa, kuma abin daɗi, ɗaya maganin ɗaya ne.

Ledar fiya wata da ke warwatse a fili ita ce jakar rainon dashe. Kada a ƙona ta, hayaƙinta cuta ne ga ƙirjin yara. A tara, a wanke, a yanke bakinta gaba ɗaya, a huda ƙasanta wuri uku ko huɗu don ruwa ya tsiyaye. A cika ta da ƙasa mai kyau haɗe da ɗan yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa. A jera su a inuwa kusa da inda ake samun ruwa, tun wajen watan Maris ko Afrilu, domin su kai dashe idan damina ta zauna. Zogale ya fi komai saurin faranta wa yara rai, cikin mako ɗaya ko biyu ya tsiro. Irin darbejiya sai sabo, wanda bai daɗe da faɗowa ba, domin idan ya kwana biyu a ajiye ba ya fitowa. 'Ya'yan tsamiya da kuka da gawo suna da taurin baya, sai an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana, ko a ɗan goge gefensu a kan dutse. Ku tambayi iyayen yara manoma, sun fi mu sanin wannan. Idan kuna son mangwaro ko gwaiba, wakilan majalisa su rubuta wasiƙa da hannunsu zuwa sashen gandun daji na ƙaramar hukuma. Jihohi goma sha ɗaya na arewacin Nijeriya, ciki har da Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Yobe, suna cikin shirin babbar ganuwar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, don haka neman dashe a wajen hukuma ba baƙon abu ba ne.

Kada ranar biki ta sa ku dasa kafin lokaci. A can arewa sosai farkon Yuni ƙasa ba ta gama jiƙa ba. A jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Rami ya kai kamu ɗaya zurfi da faɗi, a cire ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse daga saiwa, a dasa da yamma, a bar ɗan kwari a gindi don ruwa ya tsaya. Ranar da aka dasa, ranar za a yi shinge, ba gobe ba. Ƙayar magarya ko bagaruwa ko tsofaffin bulo duk suna yi. Akuya ba ta cika damuwa da darbejiya ba, amma zogale da mangwaro ba sa kwana idan ta gan su.

Yawan abin da za ku dasa, ruwan bazara ne zai faɗa muku, ba yawan dashen da kuka samu ba. Idan makaranta ba ta da famfo, goma sun isa shekarar farko. Kowace bishiya a ba ta aji, a rubuta sunan ajin a ɗan katako. Ruwan alwala da na wanke hannu kada ya tafi a banza, a tara a bokiti a kai gindin dashe. Gorar roba da aka huda da allura aka binne ta kusa da saiwa, ko tsohon tulun ƙasa, suna sakin ruwa kaɗan-kaɗan, su rage wa yara jigila. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa. Babban haɗari shi ne dogon hutu, wanda ke zuwa jim kaɗan bayan dashe. Kafin a rufe makaranta majalisa ta fitar da sunayen yaran da gidajensu ke kusa, da yardar iyayensu, su riƙa leƙa shinge tare da maigadi.

Akwai kuma bishiyoyin da ba sai an dasa ba. A yankin Maraɗi na Nijar, tun shekarun 1980, manoma tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo suka farfaɗo da dabarar barin kututture ya sake toho: a zaɓi reshe ɗaya ko 'yan kaɗan masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kare shi daga dabba. Ta haka miliyoyin bishiyoyi suka dawo gonakinsu. Sa yara su duba gefen katanga da bayan azuzuwa. Duk ɗan gawo ko aduwa ko magarya da ke tohowa da kansa ya riga ya kafa saiwa mai zurfi, ya fi sabon dashe jure fari nesa ba kusa ba.

Ina roƙon 'yan'uwana malamai kada a mai da wannan aiki horo. Ranar da aka ce masu makara su tsinci leda ko su yi ban ruwa, ranar aikin ya zama abin kunya, wakilan majalisa kuma su koma kamar masu laifi. Haka nan kada shara ta zama ta 'yan mata, haƙar rami ta zama ta maza, kowa ya taɓa kowanne. Ba a karɓar kuɗi a hannun yara. Ba a tura su bakin rijiya su kaɗai, ba sa taɓa fasasshiyar kwalba ko allurar asibiti, kuma a ajiye sabulu su wanke hannu bayan aiki. Malamin addini zai taimaka ƙwarai idan ya tuna musu hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi.

Sau ɗaya a wata shugaban majalisa ya tsaya a gaban taron safe ya faɗi nawa ke raye, nawa suka mutu, da abin da ya kashe su. A ƙarshen Afrilu a yi babban ƙirge, a rubuta a littafi. A zangon karatu na uku a yi sabon zaɓe tun tsofaffin wakilai ba su tafi ba, su zagaya da sababbi bishiya-bishiya, su miƙa musu littafin, su nuna musu ramukan da za a sake cikewa idan ruwa ya sauka.