Yadda Ake Koyar da Allegretto na Simfoni ta 7 ta Beethoven ga Matsakaitan Masu Goge

Beethoven, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya kammala wannan simfoni, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi na babbar ƙungiyar makaɗa, a 1812, aka fara kaɗa ta a birnin Biyana ranar 8 ga Disamba 1813, a wani taron tara kuɗi domin sojojin da suka ji rauni a yaƙin Hanau, kuma a wannan daren sai da jama'a suka sa aka maimaita kashi na biyu, wato Allegretto. Kafin ka sayi takardun kiɗan da aka sake tsarawa don masu tsirkiya kaɗai, ka duba ko an bar wa biyola (matsakaicin goge) da celo (babban goge) buɗe waƙar kamar yadda take a asali. Tsarin da ya miƙa wa biyolin (ƙaramin goge) komai tun daga farko, ko da ya fi araha, kada ka ɓata kuɗinka a kansa.

Mataki na farko shi ne sauri. Beethoven ya sa bugu 76 a minti ɗaya, amma ɗalibai da zarar sun ji alhinin da ke cikin sautin sai su riƙa jan ƙafa, har kiɗan ya mutu a hannunsu. Ka kunna na'urar ƙirga bugu, su tafa salon da hannu: dogo, gajere biyu, dogo biyu.

Daga nan sai baka, wato sandar da ake goga tsirkiya da ita, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa. Sautin farko a riƙe shi cikakke, gajerun biyu a rarrabe su ba tare da baka ya bar tsirkiya ba, sannan dogayen biyu na ƙarshe a ja su da baka ɗaya, da ɗan tsayawa kaɗan a tsakaninsu. Za ka ga yaro ya ƙarar da rabin bakansa a sautin farko, ya tsinci kansa a can ƙarshe babu wurin komawa, sai ya fizgo hannu, sautin ya yi ƙara inda ake son taushi. Ka tsayar da su a tsakiyar baka, su yi ta maimaitawa a kan tsirkiya ɗaya ba tare da yatsu ba. Mako biyu a kan wannan bai yi yawa ba.

Tunda waƙar sama ta daɗe a kan sauti guda, masu celo da bas (goge mafi girma) ne ke sauya launin kiɗan, don haka su za ka fara daidaita wa sauti. Idan rukuni na biyu na masu biyolin suka karɓi waƙar, a bar muryar biyola ta fito. Ƙarfi kuwa a riƙe shi sai zagaye na huɗu na waƙar.