Yadda na karɓi diyyar karayata daga kamfanin inshora

Wata mota ce ta kwashe ni a kan babur a titin Zariya, a Kano, ƙwaurina na hagu ya karye. Direban ya biyo ni gida da lemo da dubu ashirin, kawuna kuma ya ce, "Ɗana, ƙaddara ce, a yafe." Na yafe masa, amma aikin saka ƙarfe a ƙafa ba ya jin yafiya.

Wani maƙwabcina ne ya tuna min cewa inshorar dole da ke kan kowace mota, wadda NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora ta ƙasa, ta mayar da kuɗin yankarta naira 15,000 ga motar gida a 2023, don wanda aka buge aka yi ta. Muka duba lambar motar a rumbun NIID, wato rumbun bayanan inshorar motoci na intanet, ashe takardarsa ta gaske ce, ba irin ta bakin tasha ba.

Inda na sha wuya shi ne takardu. Makonni biyun farko wurin mai ɗori na yi su, shi kuwa ba ya ba da rasit, don haka wannan kuɗin ya tafi. Kamfanin ya nemi rahoton 'yan sanda, rahoton likita, hoton ƙashi da rasitan magani. Na tara su a leda, har wanda man zafi ya ɓata. Direban ma sai da ya sanar da su da kansa.

Suka yi shiru wata biyu. Da na rubuta cewa zan kai ƙorafi NAICOM, ranar Talata aka kira ni in kawo lambar asusuna.