Yadda ake sauya tsoffin bututun ruwa a unguwannin Yamai

Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa yake fitowa, ana tace shi a Goudel da Yantala, sannan a tura shi unguwanni ta bututun da wasunsu sun shekara da yawa a ƙarƙashin ƙasa. Kayan ruwa na birane suna hannun kamfanin SPEN, rarraba ruwan kuwa aikin kamfanin NDE ne, wanda ya gaji kamfanin SEEN a farkon 2024. Saboda haka mazauna unguwa ba su da hurumin tona babban bututu da kansu, amma ya kamata mai unguwa da dattawan da ke sa ido su san yadda aikin yake tafiya, domin kusan duk abin da ke lalata shi yana faruwa ne a cikin rami, kafin a mayar da ƙasa.

Abu na farko shi ne a tantance bututun da ya cancanci sauyi, kuma tsufa kaɗai ba hujja ba ne. A duba layin da yake yawan fashewa, da inda ƙasa ke zama da danshi har ciyawa ta tsiro a tsakiyar watan Afrilu, da gidajen da ruwansu ke fitowa ja da safe, alamar tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki. Raunin ruwa a lokacin zafi kuwa sau da yawa yawan masu ɗiba ne ke kawo shi, don haka sai an auna ƙarfinsa da rana da kuma tsakar dare kafin a ɗora wa bututu laifi.

Lokacin da ya fi dacewa da tono shi ne bayan damina, daga Oktoba zuwa Fabrairu, domin ramin da aka bari a buɗe a watan Agusta kwata yake zama. A nemi izinin hukumar birni, a tuntuɓi kamfanin lantarki na NIGELEC da kamfanonin sadarwa su nuna inda wayoyinsu suka bi, sannan a haƙa 'yan ramukan gwaji da hannu, saboda tsohuwar taswira ba kullum take faɗin gaskiya ba. A sanar da jama'a ta bakin mai unguwa da limamai, kuma a shaida wa 'yan ga-ruwa ranakun da za a ɗauke ruwa, tunda su ne za su riƙe unguwar a waɗannan ranaku.

Kada a sayi sabon bututu daidai faɗin tsohon ba tare da lissafi ba, domin layin da aka shimfiɗa wa gidaje kaɗan yanzu yana ciyar da gidajen haya da benaye da shaguna. A lunguna an fi amfani da baƙar robar PEHD, wadda ake haɗawa da zafi har gaɓoɓin su zama abu guda, ko kuma PVC, wanda ya fi sauƙin haɗawa amma rana na gasa shi idan aka jibge shi a fili. Inda manyan motoci ke bi, bututun ƙarfe mai kauri ya fi aminci, ko a zura robar cikin wani bututun da zai kare ta.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce a bar tsohon bututu yana aiki har sai sabon ya ci jarrabawa. A haƙa sabon rami a gefensa, da zurfin da zai bar kimanin santimita 80 zuwa mita 1 na ƙasa a saman bututun, kuma a nisanta shi da ramukan masai da magudanar ƙazanta. A shimfiɗa yashi mai laushi kimanin santimita 10 a ƙasan ramin, a tsince duk wani dutse, domin tsakuwa ɗaya mai kaifi da ta tokari roba tana iya huda ta bayan shekaru, lokacin da ɗan kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Inda ƙasa ta zama rairayi kuma ramin ya yi zurfi, a tokare bangonsa da katako don kada ya rufta da ma'aikata. Kowace kwana da kowace mararraba da ba a haɗa da zafi ba tana bukatar tubalin kankare a bayanta, don ƙarfin ruwa kada ya ture ta. Da yamma a toshe bakin bututun da murfi, saboda ɓera da leda da ƙasa ta nan suke shiga, a kuma aza katako a ƙofar kowane gida, a killace ramin saboda yara da masu babura.

Kafin a binne mahaɗai, a cika layin da ruwa, a fitar da iska, a matsa shi zuwa kusan ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da zai riƙa ɗauka, sannan a zuba wa ma'aunin ƙarfin ruwa ido. Idan allurar ta sauka fiye da ƙima, akwai yoyo, kuma sai an gano shi. Bayan haka a zuba sinadarin kilorin ya kwana a ciki na awa 24, a wanke layin sosai, a kai samfurin ruwan ɗakin gwaji, kuma kada a ba kowa ya sha kafin sakamako ya fito.

Daga nan ne ake mayar da gidaje kan sabon layi, gida bayan gida. A nan mutane ke son rage kuɗi, su bar tsohon ƙaramin bututun da ke shiga gida, alhali galibin yoyo daga waɗannan rassan yake fitowa. A sauya shi har zuwa na'urar ƙidayar ruwa. Idan gida na ƙarshe ya koma, a yanke tsohon layi daga tushensa, a toshe shi.

A mayar da ƙasa kashi-kashi, ana daddanna kowane santimita 20 zuwa 30, a shimfiɗa shuɗiyar ragar gargaɗi a saman bututun domin mai tono na gaba ya ankara, sannan a rubuta wurin kowane makunnin ruwa a taswira, tare da nisansa daga wata katanga ko turken lantarki. Yana da kyau kwangilar ta tanadi riƙe wani kaso na kuɗin har damina ɗaya ta wuce, domin ruwan sama na farko ne ke nuna inda ba a danna ƙasa da kyau ba.