Idan Tsoho Ya Daina Takawa: Yadda Za A Kare Ƙwaƙwalwarsa

Ba kasafai tsoho yake daina motsa jiki da gangan ba. Ko ritaya ta zo, ko gwiwa ta ƙi, ko ciwo ya kwantar da shi, ko kuma 'ya'ya su ce, "Baba, a huta haka nan." Mutumin da ya shekara 30 yana tuƙa keke daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari sai ya koma zaman zaure. Ƙafa ake fara ganin ta yi rauni, amma ƙwaƙwalwa ma tana ji a jikinta.

A 2016, masu bincike a Jami'ar Maryland ta Amurka sun sa wasu dattawa 'yan shekara 50 zuwa 80, waɗanda suka daɗe suna gudu, su dakata na kwana 10. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jinin da ke kwarara zuwa sassa da dama ya ragu, har da sashen da ke riƙe sabon abu, kamar sunan baƙo ko inda aka ajiye makulli. Gwajin tunanin da aka yi musu bai canza ba, don haka hutun kwana 10 ba ya kawo ruɗewar tsufa. Abin tsoro shi ne kwana 10 ya zama wata shida, barci ya lalace, hawan jini da suga su tashi, hira da mutane ta ragu. Duk waɗannan suna cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali.

Saboda haka idan tafiya ta gagara, a musanya ta da wani abu tun a makon farko. A zaunar da shi a kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, ya miƙe ya zauna sau 10, safe da yamma. Ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10, sannan ya canza. Hajiyar da ba ta fita sai ta zagaya tsakar gida minti biyar bayan kowace salla. Minti 25 ke nan a yini ba tare da ta sa mayafi ba.

Wanda ya tashi daga jinya kada ya koma inda ya tsaya. Kwana 10 a kan gado na iya cinye wa tsoho kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa, kuma nan ake faɗuwa. Ya fara da tafiyar minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana, a ƙara minti biyar kowane mako har a kai minti 30, kwana biyar a mako. Minti 150 ke nan, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Saurin da ake so shi ne wanda zai iya amsa gaisuwa amma ba zai iya jan dogon karatu ba. A ganina tafiya masallaci ta fi zagayen fili, don tana da dalili kuma akwai abokan hira, ba a saurin watsar da ita.

Da hunturu a jira hantsi, sanyin asubar Zariya da ƙura ba su da kyau ga mai asma ko ciwon zuciya. Da bazara kuwa sai bayan asuba ko bayan la'asar. Silifas ba takalmin tafiya ba ne, a nemi mai riƙe dunduniya. Mai ciwon suga da ke shan magani kada ya fita da yunwa, ya sa dabino biyu ko uku a aljihu.

Ciwon ƙirji, jiri ko numfashi sama-sama, a tsaya nan take. Idan kuma ruɗewa ta zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya saki, wannan ba rashin motsa jiki ba ne. Yana iya zama shanyewar ɓarin jiki ko faɗuwar suga, a kai shi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko asibiti mafi kusa a lokacin, kada a jira gari ya waye.