Yadda za ka zaga kufayen Italiya da Girka kuma ka ci abinci cikin kwanciyar hankali

In kana shirin zuwa Roma ko Napoli ko Atens, ka sani cewa rana da kicin su ne za su tsara maka yininka, in ka bi su za ka ji daɗin tafiyar, in ka ƙi kuma wallahi za ka dawo otal da ciwon kai da yunwa.

Ka sayi tikiti ta intanet tun kafin ka bar gida, kuma ka zaɓi lokacin safe. Kolosiyam, tsohon katafaren filin wasan Roma, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya zamanin sarki Titus, da lokaci ake shigarsa, kuma tikiti ɗaya ne ya haɗa shi da dandalin Forum da tudun Palatino, don haka kar ka jefar da shi in ka fito. Lahadin farko na kowane wata kyauta ake shiga, amma layin ranar sai mai haƙuri. A Atens ma ka hau Akurofolis, tudun da tsofaffin wuraren bautar garin suke a kai, da sassafe, domin dutse ne tsirara babu inuwa, har akwai ranakun da zafi ya yi tsanani a 2023 da hukuma ta rufe wajen da tsakar rana. Duwatsun hawan sun yi sulɓi saboda ƙafafun mutane, ka sa kambas mai kama ƙasa, ke kuma 'yar'uwa ki ajiye takalmi mai tsini a otal don an hana shiga da shi.

Pompei kuwa ka ba shi yini guda, ni dai nan ne wajen da ya fi taɓa min zuciya. Daga Napoli za ka hau jirgin ƙasa na Circumvesuviana mai zuwa Sorrento ka sauka a tashar Pompei Scavi, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Garin ne dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79, kuma in ka shiga kar ka yi ta gudu daga wannan gida zuwa wancan, ka tsaya ka kalli ƙasa, za ka ga sawun ƙafafun keken doki ya ci dutse ya yi rami, ga manyan duwatsu a jere a tsakiyar titi da mutane ke takawa su tsallaka kar ruwa da ƙazanta su taɓa su. A bakin hanya akwai kantunan abinci da aka dasa tuluna a cikin teburinsu, nan talakan garin ke sayen abin ci ya wuce. Kar ka ɗauki ko tsakuwa ɗaya, laifi ne babba. Ka riƙe gorar ruwa, akwai famfuna a ciki, a Roma ma akwai na titi da suke kira nasoni, ruwansu mai sanyi kuma kyauta.

To sai maganar ci. Yawancin gidajen abinci a Italiya suna rufe kicin wajen ƙarfe 3 ba sa buɗewa sai 7 ko bakwai da rabi, don haka ka fito daga kufai wajen ƙarfe 1 ka zauna ka ci mai nauyi, ka je ka huta. Kar ka zauna a wajen da ke kallon Kolosiyam kai tsaye ko inda wani ke tsaye a ƙofa yana kiranka da menu mai hotuna, ka shiga lungu biyu ko uku inda kake jin yaren 'yan gari.

In ka ga coperto a takardar kuɗi ba cuta ba ce, kuɗin zama ne da burodi da ake lissafa wa kowane mutum. Kofi kuma in ka sha a tsaye a kanta ya fi arha da ka zauna. Kifi ne abin lura, sau da yawa farashin da aka rubuta na giram 100 ne, ka tambaya kafin a gasa.

In ba ka cin alade ka haddace waɗannan kalmomin Italiyanci na alade da namansa: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, da strutto wato kitsensa da ake sawa a wasu burodi. Taliyar carbonara da naman alade ake yinta. A Girka giros da sublaki, wato irin shawarmarsu da tsirensu, yawanci na alade ne, sai ka ce kotopulo a kawo maka na kaza. Ka kuma tambaya ko an zuba vino, wato giya, a miyar. In kanka ya ɗaure ka ce fiza margarita kawai, tumatur ne da cuku da ganyen basil, kuma a Napoli aka san ta.

Kuma ma'aikacin gidan abinci ba zai kawo maka lissafi ba sai ka nema, a wajensu rashin kunya ne a kori baƙo daga tebur, sai ka ɗaga hannu ka ce il conto, wato lissafi da Italiyanci.